Ranar da Na'Allah Ya Tsufar da Karsana

A gefen kara ta Kaura Namoda, inda ake cinikin dabbobi, masu sunan Na'Allah suna da yawa, don haka kowa da laƙabinsa. Akwai Na'Allah mai shayi, akwai Na'Allah mai faci. In kuwa baƙo ya ce yana neman dattijon nan mai sayar da igiya da kanwa, sai a ce masa, "Ɗan damfara? Ga rumfarsa can gindin dalbejiya." Ba da zafi ake faɗa ba. Har yaran da aka haifa bayan ya bar sana'ar haka suke kiransa, kamar sunan yanka ne.

Mutumin Badarawa ne, ɗan manomi, amma tun yana saurayi shi da fartanya ba su jitu ba. Kowace Alhamis a kasuwar Shinkafi take yi masa, yana riƙe wa fatake igiya. A can ya koyi abin da masu yinsa ke kira gyara. Falke zai sayo tsohuwar saniya da araha, wadda haihuwa ta gama cinyewa, ya damƙa masa. Kowace haihuwa tana barin zobe a gindin ƙahon saniya, kuma zobban nan mai saye yake fara dubawa. Sai Na'Allah ya zauna da magagari da fasasshiyar kwalba ya kankare su ɗaya bayan ɗaya, ya goge ƙahon da man gyaɗa har ya yi sheƙi. Ya ba ta kanwa ta lasa, ƙishirwa ta kama ta, ta sha ruwa har kwiɓinta ya ciko. Ya datse mata kofato, ya taje jela. Da safe guzuma ta shiga kara tana rangaji kamar budurwa.

Abu ɗaya ne ya gagari gyara, shi ne haƙori. Duk wanda ya buɗe bakin saniya ya ga shekarunta. Saboda haka rabin aikin Na'Allah da hannu ne, rabin kuma da baki. Yakan tsaya kusa da dillali kamar ɗan kallo, ya jira lokacin da mai saye zai kai hannu ga bakin dabbar, sai ya jefa magana ɗaya.

Haka ya yi wa Jafaru. A lokacin Jafaru saurayi ne Bafillace daga wata ruga kusa da Gurbin Bore, sabon aure, karo na farko da mahaifinsa ya aike shi kasuwa shi kaɗai. Ya zagaya saniyar, ya shafa ƙahon, ya sunkuya zai buɗe bakinta. Sai Na'Allah ya ce da dillali, da ƙarfin da Jafaru zai ji, "Ka ga inda duniya ta koma. Da can Bafillace daga nesa yaka sanin saniya. Yanzu sai sun leƙa baki, awa 'yan birni."

Jafaru ya miƙe tsaye. Bai buɗe ba.

A gida mahaifinsa ya buɗe, a gaban amarya da ƙanne. Tsohon bai yi faɗa ba, dariya ya yi, kuma dariyar ce ta fi ciwo. Kasuwa mai zuwa Jafaru ya jawo saniyar tun daga ruga har tsakiyar kara. Bai nemi falken ba, bai nemi dillalin ba. Ya nuna Na'Allah da sanda ya ce, "Jama'a ku shaida, wanga ɗan damfara na." Daga ranar sunan ya zauna. Da Na'Allah ya kwaso iyalinsa ya dawo Kaura, sunan ya riga shi sauka.

Falken da ya ci ribar wannan ciniki da wasu irinsa masu yawa, Armiya'u, ya je Makka ya dawo, yanzu ba mai kiransa sai da Alhaji. Wannan yana ci wa Na'Allah rai fiye da yadda yake nunawa. In hira ta yi daɗi a teburin mai shayi yakan baje hujjarsa. Ɓarawo, in ji shi, ba ya son ka gan shi. Macuci kana kallonsa zai danne maka haƙƙi. Ɗan damfara kuwa kai za ka miƙa masa da hannunka, kana yi masa godiya. "To ni wa ya taɓa miƙo min? Ban taɓa sayar da saniya ba. Kwalliya nika yi."

Sai mai shayi ya ce, "To mi za mu kira ka, Baba? Mai kitso?"

A yi dariya, shi ma ya yi.

Yakan ce tuba ya yi. Matarsa Bara'atu, wadda ta fi kowa saninsa, ta san tuban ya zo daidai lokacin da shanun sata suka cika kasuwanni, ƙosassu, masu araha, ba mai bukatar a gyara masa tsohuwa. Ta kuma san inda magagarin yake, a naɗe cikin tsumma a ƙasan akwatinsa, kuma bai taɓa yin tsatsa ba.

Wata rana da kaka, ana cikin yankan gero, wani dogon mutum ya tsaya a bakin rumfar ya tare haske. Rigarsa ta yi masa yawa, gemunsa ya yi furfura. Sandar ce Na'Allah ya fara ganewa.

"Salamu alaikum, ɗan damfara."

"Wa alaikumus salam, mai suna. Kai da ka raɗa min shi ai ba ka mantawa. Zauna, Malam Jafaru. Igiya ko kanwa?"

Jafaru ya zauna a kan buhu. Sannan ya ce, "Ba ni da abin ɗaurewa da igiya."

Labarin ba sabo ba ne a wannan yanki. Mutanen daji, masu bindiga, sun kore garkensa gaba ɗaya da rana tsaka. Abin da ya tsira karsana ɗaya ce, domin ranar tana ɗaure a cikin gida da ciwon ƙafa. Jikar jikar saniyar mahaifiyarsa ce. 'Yarsa Hamdiyya ta sa mata suna Gimbiya. Tun daga ranar suka ɓoye ta a cikin ɗaki, suna kai mata ciyawa a buhu kamar mai jego, sau ɗaya kawai suka fitar da ita a ɓoye wurin bijimin maƙwabci, kafin shi ma a kore shi. Yanzu tana da cikin fari. Mutanen ƙauyen suna tashi, Jafaru ya riga ya turo iyalinsa Kaura. Amma hanya ɗaya ce ke fita zuwa kwalta, ta mashigin rafi, kuma a nan mutanen daji suke zama gindin tsamiya. Ba sa hana kowa wucewa. Suna dai zaɓen abin da ya yi musu.

"Wanda ya ga Gimbiya ba ya barin ta," in ji Jafaru.

"To ni mi zan yi? Bindiga gare ni?"

"Kai ka mai da guzuma budurwa, har ni ka rufe wa ido." Jafaru ya ajiye sandarsa a ƙasa. "Ka mai da min budurwa guzuma."

Na'Allah ya ɗauki wani guntun igiya yana murzawa.

"Waɗanga mutane," ya ce a hankali, "cikin shanu aka haife su. Sun fi ka ido."

"Na sani."

"Sun fi uban kowa ido a ƙasag ga."

"Shi ya sa ban je wurin wani ba."

Da ya koma gida ya buɗe akwati, Bara'atu tana tsaye a bakin ƙofa da muciya a hannu.

"Malam, ina zuwa da wanga abu?"

"Taimako za ni. Mutumin da na zalunta ne, Allah ya kawo ranar biya."

"Allah ya kawo ranar biya, ko ya kawo ranar da hannunka ya daina ƙaiƙayi?"

Ya ce ta ba shi busasshiyar kuɓewa da ƙaro da ɗan sabulu. Ta kawo, ta ajiye a gabansa da ƙarfi. "In suka harbe ka a kan saniyar wani, ni mi zan ce wa mutane? Shahada ko sana'a?"

"Ki ce duka biyu."

Mota ta kai su Zurmi, wata ta sauke su kafin Gurbin Bore, sauran tafiyar da ƙafa. A mashigin rafi suka wuce mutanen tsamiya, su tsofaffi biyu ba kaya, ba wanda ya ko ɗaga kai. Na'Allah kuwa ya kalle su ta wutsiyar ido. Ya lura da babbansu, wani mai jan rawani da ke zaune a kan babur, yadda idonsa ke bin wata akuya da ake wucewa da ita, daga ƙafa zuwa ƙugu. Ya ga kuma garken shanu masu yawa suna kiwo a bayan rafin. Wannan ya riƙe a ransa.

Ƙauyen ya zama kufai, gero a tsaye ba mai yanka. Da Jafaru ya buɗe ɗakin, Na'Allah ya tsaya cik. Fara ce sol, doguwa, ƙahonta sumul kamar an wanke, idonta baƙi wuluk. Ta miƙo hanci tana shinshina rigar maigidanta.

"Kai, Jafaru. Wagga ai zunubi ne a taɓa ta."

"Zunubi ya taɓa hana ka?"

Suka fito da ita tsakar gida, ya fara. Duk abin da ya yi shekara da shekaru yana gogewa, yau shi yake zanawa. Ya sa magagari a gindin ƙaho yana tona zobe, ba a jere daidai ba, domin shekarar fari da shekarar wadata ba sa barin zobe iri ɗaya. Ya cusa toka da dakakken gawayi a cikin kowane, ya dusashe sheƙin da yashi. Ya jiƙa ƙaro ya cakuɗa da toka da jar ƙasa, ya bi gadon bayanta da wuyanta yana danƙara gashin ƙulli-ƙulli, har ya zama kamar ɓawon kirci, ciwon fatar nan da ke cin shanu da damina. Ya aske wasu wurare da reza. Jafaru yana riƙe da kanta, yana yi mata magana da Fillanci ƙasa-ƙasa kamar mai ba da haƙuri.

"Ƙahon zai koma?" ya tambaya.

"Gashi zai tsiro. Ƙaro ruwa zai wanke. Ƙaho kam sai dai haƙuri."

Jafaru ya kau da kai.

Ya hana a ba ta ruwa da abinci har washegari, don kwiɓinta ya faɗa. Cikin ne ya fi ba shi wahala, don ba ya ɓoyuwa. A ƙarshe ya ce a bar shi, za a ɗauka kumburin ciwo ne. Da gari ya waye ya manna ɗan dunƙulen ƙaro a tsakanin kofatonta na gaba, ta fara ɗingishi. Sannan ya dama kuɓewa da sabulu, ya shafe mata leɓe da haɓa, yauƙi yana zuba har ƙasa yana kumfa.

Jafaru ya ja da baya ya dube ta. Shi da ya san ƙarya ce, sai da hannunsa ya tafi ga hancinsa.

"Saura haƙori," in ji shi.

"Haƙori ka bar min shi. Kai dai in mun isa kar ka ce komai. Ka yi fuskar wanda aka cuta. Ka iya ta, na taɓa gani."

Rana ta ɗaga lokacin da suka iso mashigin. A gabansu an tsayar da wani mai jaki, an sauke masa buhu, an kwance tunkiya. Da layi ya zo kansu, ɗaya daga cikin masu bindigar ya yamutsa fuska ya yi musu alama su wuce. Har sun taka ruwa.

"Ku dakata."

Mai jan rawani ne. Ya sauko daga babur ya zo yana tafiya a hankali. Ya zagaya ta. Bai kalli ƙurajen ba, bai kalli ƙahon ba sai sau ɗaya. Ƙafafunta na baya yake kallo, da hantsarta, da yadda take riƙe wuya.

"Tsoho, ƙahon na tsohuwa ne," ya ce. "Amma tsayuwar ba ta tsohuwa ba ce."

Mutumin ya rataya bindigarsa a kafaɗa, ya naɗe hannun riga, ya nufi bakinta.

Nan Na'Allah ya saki igiyar ya matso da sauri, har da ɗan murna a muryarsa. "Yawwa, ranka ya daɗe, buɗe. Don Allah buɗe ka gani, kai ka san dabba. Na ce masa ciwon nan ne mai kama baki da kofato, shina min gardama. Dasashin duk ya ɗaye. 'Yan uwanta biyu da shi suka tahi, sai tumaki suka ɗauka." Ya kama haɓar saniyar da kansa, yauƙi ya cika masa hannu, ya miƙa wajen mutumin. "Ko ku karɓe ta, ku raba mu da wahala. Ga garkenku can, ku sa ta ciki, ƙila ku kuna da magani. Wallahi ko mahauci ba ya saye."

Hannun mai jan rawani ya tsaya a iska. Ya dubi yauƙin da ke ɗiga cikin rafin. Ya ɗaga kai ya dubi shanun da ke kiwo a ƙetare, waɗanda a wannan ruwan suke sha.

"Cikin ruwan kuka tsaya da ita?"

"Ai ku kuka ce mu dakata, ranka ya daɗe."

Gindin bindiga ne ya ba shi amsa, a kan baki. Na'Allah ya zube cikin ruwa. "Ku fitar min da mushen nan," in ji mutumin, yana goge hannun da bai taɓa komai ba a jikin wandonsa. "In na sake ganinku, ku da ita rami ɗaya."

Jafaru ya ɗago shi da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana jan igiya. Suka yi ta tafiya har tsamiyar ta ɓace a bayansu. A gindin wata kuka suka tsaya, Jafaru ya cire ƙaron daga kofaton, ya juyo zai yi godiya. Na'Allah yana zaune a kan saiwa, leɓensa ya kumbura, haƙorinsa na gaba ya tafi, jini har gemu. Murmushi yake yi. Jafaru ya san murmushin nan. Ya gan shi a kasuwar Shinkafi, ranar da ya juya da igiyar guzuma a hannu yana jin kansa namiji.

"Ka ga idonsa?" in ji Na'Allah, maganar tana fita da iska. "Ya gane tsayuwar. Wallahi ya san saniya. Ban taɓa haɗuwa da mai ido irin nasa ba." Ya tofar da jini. "Amma bai buɗe ba."

Jafaru ya fasa godiyar. Ya kwance rawaninsa ya miƙa masa ya goge baki.

Wani mai motar hatsi ya yarda ya ɗauke su, bayan sun wanke mata baki a gabansa ya ga kumfar sabulu ce. A Kaura, Hamdiyya ta ga Gimbiya ta fashe da kuka, sai da aka kwana biyu ana wanke ta da ruwan ɗumi kafin ta yarda ita ce. Gashi ya tsiro. Kafin azumi ta haifi maraƙa mace, fara kamar uwar.

Ƙahon dai yana nan yadda Na'Allah ya bar shi. A bayan gari inda Jafaru ya kafa bukka, makiyaya sukan tsaya su ƙirga zobban su yi masa tsiya, wai dattijo kamarsa ya gudo ya bar komai ya jawo kakar shanu. Ba ya yi musu bayani. Sai dai ranar kasuwa yakan zo rumfar igiya da ƙwaryar nono, ya dire a gaban Na'Allah, ya zauna a kan buhu.

"Sau biyu ke nan kana barina da tsohuwa."

"Ta farko kai ka saya. Ta biyu kai ka roƙa." Sai ya tsoma ɗan yatsa a nonon ya ɗaga yana duba kaurinsa. "Ba a ƙara ruwa ba dai ko?"

"Mu ba 'yan damfara ba ne."

Labarin ya zaga kara, kuma ya kawo masa baƙi. Mutane daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi suna zuwa da magana ƙasa-ƙasa, wani bijimi, wani raƙumi. Na'Allah yana korar su. Ya ce dabara irin wannan sau ɗaya take ci, wanda ya sake kai saniya mai yauƙi mashigin nan ba zai dawo ba. Sunan kuwa bai canza ba. Ko jiya wani baƙo ya tambaya, Jafaru ne ma ya amsa daga kan buhu, "Ɗan damfara? Ga shi nan, mai giɓi."

Bara'atu ta taɓa tambayarsa, ranar da kumburin ya saɓe, yana zaune a tsakar gida yana goge magagarin da man gyaɗa.

"Tsakaninka da Allah, Malam, don Jafaru ka yi?"

Ya ɗaga magagarin yana duba haƙoransa a hasken rana.

"Saniyar dai ta tsira," ya ce.

Ya naɗe shi cikin tsumma, ya mayar ƙasan akwati.